Koyon aikin hannu a na'urar kwaikwayo: abin da take koyarwa da inda ƙarfinta ya tsaya

Na'urar kwaikwayo, wadda a Faransanci ake kira simulateur, na'ura ce da ke ba mutum damar gwada wani aiki kamar da gaske, alhali haɗarin aikin da tsadarsa ba su tare da shi. Matuƙin jirgi yana tashi ya sauka sau goma bai bar ɗaki ba, ɗalibin likita yana yin fiɗa babu majinyaci a gabansa. A da sai manyan makarantu da rundunonin soja ke iya mallakar irin waɗannan na'urori. Yanzu akwai tabarau na kwamfuta da ake ɗaurawa a fuska, mutum ya ga kansa cikin wata duniya da kwamfuta ta zana, ya waiga ta juya tare da shi, ya miƙa hannu ya ga hannun ya motsa. Da kamfanin Facebook ya fito da samfurin Quest 2 a shekarar 2020, dala 299 aka sa masa, kuɗin da bai kai na wata wayar hannu ba.

Saukin farashin ya sa cibiyoyin koyon sana'a da makarantun tuƙi a ƙasashe da dama suka fara tallar horo a wannan hanya. Tambayar da ta kamata iyaye da ɗalibai su yi kafin su fitar da kuɗi ita ce: shin abin da hannu ya koya a cikin na'ura yana biyo mutum idan ya cire tabarau ya kama kayan aiki na gaske? An shafe shekaru ana bincike a kai. Amsar ita ce yana biyowa a wasu ayyuka sosai, a wasu kaɗan, kuma ana iya gane bambancin tun kafin a fara.

Asalin abin

Wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ne ya ƙera na'urar koyon tuƙin jirgi ta farko da ta samu karɓuwa, a garin Binghamton na jihar New York, a 1929. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa, shi ya sa ya yi amfani da zugazugin da ake sa wa kayan kiɗan coci wajen sa akwatin da ɗalibi ke zaune a ciki ya karkata hagu da dama, ya sunkuya ya ɗaga. Da farko wuraren wasan yara ne suka fi saye. A 1934 aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa da dama suka mutu cikin 'yan makonni saboda ba su saba tafiya cikin duhu da hazo ba. Sai rundunar ta sayi akwatunan Link guda 6. A lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera sama da 10,000, kuma matuƙa sama da 500,000 sun yi horo a cikinsu.

Akwatin Link ba ya nuna hoton komai. Ana rufe ɗalibi a ciki, ya dogara da allurai da agogunan da ke gabansa kaɗai. Wannan ne ainihin abin da matuƙi ke buƙata idan gajimare ya rufe shi, don haka horon ya yi amfani duk da cewa akwatin bai yi kama da jirgin gaske sosai ba. Tabarau na kwamfuta kuwa sai a 1968 Ivan Sutherland ya gwada na farko a Amurka, kuma daga rufin ɗaki aka rataye shi.

Yadda jiki ke koyon aiki

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Paul Fitts da Michael Posner, sun bayyana a 1967 cewa koyon duk wani aikin jiki yana bin matakai uku. A na farko mai koyo yana tunanin kowane motsi, yana faɗa wa kansa abin da zai yi, kurakurai sun yi yawa. A na biyu motsin ya fara haɗuwa, yana gane kuskurensa da kansa. A na uku jiki ya riƙe aikin, mutum yana yi yana hira. Duk wanda ya taɓa kallon mata suna lugude ya ga mataki na uku da idonsa: mace ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafke, ta sauke ta a tsakiyar turmi daidai lokacin da ta abokiyarta ta fita, ba ta ko kallon hannunta.

Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'ida da Edward Thorndike da Robert Woodworth suka kafa tun 1901. Sun nuna cewa horo a kan wani aiki yana taimaka wa wani aikin ne gwargwadon abubuwan da suka yi tarayya a kai. Wannan ƙa'ida ita ce ma'aunin kowace na'urar kwaikwayo. Kyan hoto da tsadar na'ura ba su ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ko abin da ido ke gani, da abin da hannu ke ji, da shawarar da kai ke yankewa a cikin na'urar sun yi daidai da na aikin gaske.

Misalin jefa ƙwallaye da cafkewa

Masu bincike suna son gwada wannan batu da wasan jefa ƙwallaye uku sama ana cafkewa da hannu biyu ba tare da ɗaya ta faɗi ba, wanda Faransawa ke kira jonglage. Tsohon wasa ne: akwai zanen mata suna yin sa a wani kabari na Beni Hasan a Masar, tun kusan shekaru 4,000 da suka wuce. A ƙasar Hausa 'yar carafke ta 'yan mata ta yi kusa da shi, inda ake cilla tsakuwa ɗaya sama a kwashi na ƙasa kafin ta dawo. Amfanin wasan ga masu bincike shi ne babu ruɗu a cikinsa. Ko mutum ya iya ko bai iya ba, kuma ana ƙirga cafkewar.

Wahalar mai koyo ita ce ƙarancin lokaci. Ƙwallon da aka cilla ta kai tsawon rabin mita sama da hannu tana dawowa cikin kusan kashi biyu bisa uku na daƙiƙa. Idan aka cilla ta mita guda, ba ta kai daƙiƙa ɗaya cikakkiya ba. Don a ninka lokacin sau biyu sai an ninka tsawon jifar sau huɗu, kuma duk yadda jifa ta yi nisa haka saitinta ke lalacewa. Shi ya sa masu koyar da wasan suka daɗe suna fara wa ɗalibai da ƙananan gyale marasa nauyi, domin suna saukowa a hankali.

A nan ne na'urar kwaikwayo take da abin da duniyar gaske ba ta da shi. A cikinta ana iya rage ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, ƙwallaye su riƙa saukowa sannu-sannu, mai koyo ya samu sukunin fahimtar tsarin: wace ƙwallo ke tashi, yaushe hannu zai saki wadda yake riƙe da ita don ya karɓi mai zuwa. Daga nan a riƙa ƙara saurin da kaɗan-kaɗan har ya kai na gaske. Ƙwallon da ta faɗi kuma ba sai an sunkuya an ɗauko ta ba, wanda shi ne abin da ke cinye lokacin sabon ɗalibi ya kuma karya masa gwiwa.

Akwai dalilin da ya sa wannan ke da amfani. A shekarun 1970 wani ɗalibin bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Howard Austin, ya sa allo mai 'yar tsaga tsakanin idon masu wasan da ƙwallayensu. Ya gano cewa ko da ƙololuwar tafiyar ƙwallon kaɗai suke gani, na ɗan ƙiftawar ido, suna ci gaba da cafkewa. Gwani ba ya bin ƙwallo da kallo har hannu, yana duba inda ta juya a sama ne ya san inda za ta sauka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A 2004 kuma mujallar Nature ta wallafa binciken jami'ar Regensburg ta Jamus, inda aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da suka koyi wasan cikin wata uku. Sassan da suka ƙaru su ne masu kula da ganin abu mai motsi. Da suka daina wasan na wasu watanni uku, ƙarin ya fara komawa baya.

Wato babban rabo na wannan gwaninta yana ga ido da kiyasin lokaci, kuma wannan rabon na'ura tana iya koyar da shi. Saura kuma yana ga tafin hannu da yatsu: nauyin ƙwallo, yadda ake sassauta hannu a karɓe ta kada ta yi tsalle, da lokacin da yatsu ke buɗewa a sake ta. Mai sanye da tabarau yana riƙe da wani ɗan makami na roba ne, wanda nauyinsa ba ya canzawa ko an cafke ko an saki. Saboda haka wanda ya ƙware a na'ura, ranar da ya fara riƙe ƙwallaye na gaske sai ya sake gyara jifarsa. Ya san tsarin, amma hannunsa baƙo ne.

Jirgin sama: darasin Tamanrasset

Babu inda horon kwaikwayo ya kafu kamar harkar jiragen sama, kuma mutanen kudancin Aljeriya sun san abin da ya sa. Ranar 6 ga Maris 2003 jirgin Air Algérie samfurin Boeing 737-200 ya tashi daga filin jirgin Tamanrasset zai je birnin Aljiyas ta Ghardaïa. Yana barin ƙasa injinsa na hagu ya lalace. Jirgin ya ɗan ɗaga, gudunsa ya ragu, ya faɗo ya kama wuta. Cikin mutum 103 da ke ciki, 102 suka rasu, mutum ɗaya ya tsira. Rahoton bincike ya ambaci dalilai uku: lalacewar inji a lokaci mafi haɗari na tashi, rashin janye tayoyin jirgin bayan injin ya mutu, da kuma yadda kyaftin ya karɓi tuƙi daga hannun mataimakiyarsa kafin ya tantance matsalar.

An ƙera jirgi mai inji biyu ne yadda zai iya ci gaba da hawa da inji ɗaya, amma sai matuƙa sun yi wasu abubuwa a jere cikin daƙiƙoƙi kaɗan: taka feda don hana jirgin karkata wajen injin da ya mutu, riƙe gudun da aka ƙayyade, janye tayoyi don rage tirjiyar iska, kowa ya san wanda ke tuƙi. Ba a iya maimaita wannan sau ɗari a jirgin fasinja na gaske. A na'urar kwaikwayo ana iya kashe inji a duk daƙiƙar da malami ya ga dama, a sa zafin rana da nauyin kaya irin na filin da ke kan tudu kamar Tamanrasset, a maimaita har jiki ya riƙe. Shi ya sa matuƙan jiragen fasinja ke komawa na'ura a kai a kai, galibi kowane wata shida, komai daɗewarsu a aiki.

Na'urorin da suka kai matakin ƙoli, wanda ake kira mataki na D, ɗakin tuƙi ne cikakke da aka ɗora kan ƙafafu shida masu motsi, kowane maɓalli yana inda yake a jirgin gaske, sitiyarin yana yi wa hannu nauyi irin na gaske. Dokokin ƙasashe da yawa sun yarda gogaggen matuƙi ya koyi sabon samfurin jirgi gaba ɗaya a irin wannan na'ura, tashinsa na farko da jirgin gaske ya kasance da fasinjoji, malami yana gefensa. Sai dai kuɗin na'ura ɗaya miliyoyin dala ne.

A yankinmu, Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan fanni. Tana horar da matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage, kuma ta sayi na'urar kwaikwayon Boeing 737 domin rage yawan matuƙan Najeriya da ke fita waje yin horon da doka ta wajabta, ana biya da kuɗin ƙetare. A Yamai kuma akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, da aka buɗe a 1963, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama ke koyon jagorantar jirage a na'ura kafin a ba su hasumiya.

Asibiti

A 2002 likitoci a jami'ar Yale ta Amurka suka raba likitoci masu koyon fiɗa su 16 gida biyu. Rabi suka yi horo a na'urar kwaikwayo, rabi suka bi hanyar da aka saba. Daga nan kowa ya yi aikin cire matsarmama ga majinyaci na gaske, ta hanyar ƙaramar huda da kyamara. Waɗanda suka bi ta na'ura sun fi sauri da kashi 29 cikin 100, kuma kurakuransu sun yi ƙasa da na sauran kusan ninki shida. Sakamakon bai zo da mamaki ba idan aka tuna ƙa'idar Thorndike. A irin wannan fiɗa likita dama allo yake kallo, dogayen ƙarafa yake riƙewa, ba ya taɓa cikin majinyaci da yatsunsa. Na'urar da aikin gaske kusan abu ɗaya ne.

An gwada hanya mai araha a nahiyarmu ma. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya bi ma'aikatan jinya da ungozoma 274 a Legas da Busia ta Kenya, waɗanda aka koya wa farfaɗo da jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba. Bayan horon farko da 'yar tsana, an ba wasu wayar hannu da ɗan akwatin tabarau su riƙa bita, wasu bidiyo, wasu kuma littafin jagora a waya. Bayan wata shida gwanintar hura wa jariri iska ta ragu a wurin kowa, amma raguwar ta fi ƙanƙanta a wurin masu tabarau. A lura cewa da 'yar tsana aka fara koya musu riƙe abin hura iska. Tabarau ya taimaka ne wajen hana mantuwa.

Wasanni da sana'o'i

A 2017 Rob Gray na jami'ar jihar Arizona ya gwada matasa 80 masu wasan besbol, inda ake dukan ƙwallo da sanda. Rukunin da ya fi kowa ci gaba shi ne wanda na'ura ke ƙara masa wahala idan ya yi nasara, ta sassauta idan ya kasa. Sun fi waɗanda suka maimaita horon da aka saba a cikin na'ura, sun kuma fi waɗanda suka yi ƙarin horo a fili. Ƙarfin na'ura ke nan: daidaita wahala da iyawar kowane ɗalibi, abin da malami ɗaya mai ɗalibai hamsin ba zai iya ba.

A walda ma akwai na'urori irin su VRTEX na kamfanin Lincoln Electric, masu auna karkatar hannu da saurin tafiyarsa da tazarar da ke tsakanin sanda da ƙarfe, su nuna wa ɗalibi inda ya kauce. Suna rage asarar ƙarfe da sandunan walda da wuta a makonnin farko. Zafi da hayaƙi da tsoron tartsatsi kuwa sai a gareji ake sabawa da su.

Inda na'ura ke gazawa

Matsala ta farko ita ce taɓawa. Duk aikin da yatsu ke yanke hukunci a cikinsa, kamar dukanci, ƙira, ginin tukwane, ɗinkin hula ko gano jijiya kafin a sa allura, tabarau kaɗai ba ya koyar da shi. Ta biyu ita ce koyon kuskure: idan na'urar ta saɓa wa gaskiya, jiki zai riƙe abin da ba daidai ba, kuma warware shi ya fi koyon farko wuya. Wanda ya daɗe yana jefa ƙwallaye masu saukowa a hankali ba a ƙara masa sauri ba, jifar da hannunsa ya saba da ita ba za ta yi aiki a waje ba. Ta uku ita ce jiri da tashin zuciya, waɗanda ke zuwa idan ido ya ga motsi alhali jiki yana zaune, ko hoton ya makara wajen bin juyawar kai. Ta huɗu ita ce ƙarfin hali na banza. Wanda ya yi karo sau ashirin a motar kwamfuta bai ji ciwo ba yana iya raina gudu.

Ga garuruwan hamada akwai ƙarin abin lura. Batirin tabarau ba ya wuce sa'o'i biyu zuwa uku. Ƙura tana lalata gilashinsa, kuma idan hasken rana ya shiga ta gilashin kai tsaye yana iya ƙona allon da ke ciki cikin ɗan lokaci. A gari irin Idlès, da ke cikin duwatsun Ahaggar arewa da Tamanrasset, gyara ko sauya na'ura yana nufin tafiyar sa'o'i. Amma nisan nan shi ne kuma ke sa na'urar ta yi amfani: ma'aikacin ƙaramin asibitin da ba ya ganin haihuwa mai wuya sai jefi-jefi ya fi na babban birni buƙatar hanyar bita. Haka saurayin da bai taɓa tuƙi cikin cunkoso ba zai iya koyon shataletale da danja da ba da hannu a allo kafin ya je neman lasin, wanda a Nijar ake kira farmi. Sanin yashi mai laushi daga launinsa, da rage iskar taya kafin a shiga shi, waɗannan kuwa har yanzu a gefen tsohon direba ake koyonsu.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Wanda aka yi wa tallar horo a na'urar kwaikwayo yana da tambayoyi huɗu da zai yi. Shin abin da zai riƙe a hannu ya yi kama da kayan aikin gaske a siffa da nauyi? Shin na'urar tana nuna kuskure tana ƙara wahala, ko kuwa kallo ne kawai? Sa'o'i nawa aka ware wa aiki da kayan gaske a ƙarƙashin malami? Kuma a ina ake yin jarrabawar ƙarshe, a allo ko a kan aikin kansa? Idan aka ce duk horon a cikin tabarau zai ƙare, takardar da za a bayar shaidar iya na'urar ce kawai. Cibiyar da ta san aikinta tana fara ɗalibi a na'ura, ta mayar da shi ga ƙarfe ko sitiyari ko 'yar tsana da wuri, sannan ta riƙa dawo da shi na'urar don bita da kuma gwada haɗurran da ba a iya gwadawa da gaske.